Riga da Hula, Ina Mutumin?

Daga Dandamisa, ƙasar Makarfi.

Zuwa ga mai sunan Malam, ɗana na fari, a Zariya.

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ƙasa launinta ya ba sama nata. Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sami masauki na kirki da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na birni, da sharrin abokin da bakinsa zuma ne cikinsa maɗaci. Mu nan lafiya lau muke. Ba zan cika ka da labarin gero da awaki ba, kawunka Iliya da ya kawo maka takardar nan zai ba ka wannan har sai ka roƙe shi ya yi shiru.

Shekarun baya na ji wata magana a kasuwar Makarfi, ban yarda da ita ba. Wanzami ne ya fara kawo mini ita, yana riƙe da kaina, askarsa a wuyana, lokacin da mai hankali ba ya yawan musu. Ya ce, "Magini, ashe an kai ka Likoro ba ka sani ba?" Na ce, "Ni da rabona da Likoro tun sunan 'yar Iliya?" Ya ce ai kaina yana can a jikin bangon ɗakin dafa mazarƙwaila na kawunka. Wai kai ka zana ni da gawayi lokacin da ka je hutu, wai har dokin da ke juya injin rake in ya zo daidai wurin sai ya rage tafiya ya gaishe ni. Da ya ɗauke askar na ce masa, "Sarkin aska, dokin ma ya fi ka hankali."

Daga baya masu kai rake suka faɗa, wata mai nono ta faɗa, Iliya da kansa ya rantse mini. Duk na ƙi yarda, kuma dalilina mai ƙarfi ne. Yaya yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba zai san fuskata? Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗora ka a kafaɗa ba. In ka shigo zaure, ni bango nake duba, kai kuma ƙasa. Zuwa in gani da idona ma ban yi ba, don uban da ya yi tattaki zuwa wani gari kallon aikin ɗansa na fari ya ba mutane abin dariyar shekara. Hayaƙi da damina suka shafe zanen. Wanda ya gaya mini maganar nan na ƙarshe zan faɗa maka shi, amma sai na kai gindin takarda.

Abu biyu ya sa na ɗauki alƙalami da kaina ban je wurin malamin wasiƙa ba. Na ɗaya, Iliya ya ce ka yi masa ƙorafi. Wai a makarantarku ta koyon zane sun ba ku hoton wata Baturiya tsaye cikin ciyawa riƙe da lema, iska tana kaɗa mata riga, aikin wani gwaninsu da ya mutu tun ba a haife ka ba, aka ce ku kwaikwaye shi da fentin mai. Kai kuma ka ce ba don kwaikwayon matan Turawa ka bar gida ba. Na biyu, idona yana rufewa. Ɗan disfensa ya duba ya ce yanar ido ce. Na hagu ya riga ya zama kamar mai leƙe ta cikin koko, na dama ne ya rage, shi ma yanzu in mutum ya tsaya a bakin ƙofa da tafiyarsa nake gane shi. Shi ya sa ka ga baƙaƙen nan manya kamar sawun kaza. Ina gudun hasken nan ya ƙare ban san kamannin ɗana ba. Na faɗa tun da wuri don ka san inda dogon zancena ya dosa.

Ka san akwatin ƙarfen nan da ke rataye a ɗakina, wanda ƙannenka ke cewa na layu ne. Babu laya ko ɗaya a ciki. Busassun burushi ne, da 'yan gwangwanayen fenti, da wani ƙyalle a naɗe. Aikin da aka ba ka yanzu, na yi shi kafin a haife ka. Ba ɓoye maka na yi ba. Kai ba ka tambaya ba, ni kuma ba a raine ni da bakin ba ɗan fari labari ba.

A shekarun da fara ta cinye mana gero, ina saurayi ina bin mahaifina aikin gini. Shi ke ɗora tubali, ni nake yaɓe da zanen ƙofar zaure: dagi, takobi, ƙadangare, abin da maigida ya zaɓa. Aka kira mu gyaran barikin Makarfi, inda Baturen auduga ke sauka lokacin awo. Mai Lofe muke ce masa, don ba a raba bakinsa da lofen taba. Dogo ne, wuyansa ja kamar na talotalo. Ya ji Hausa, sai dai kowa "ke" ne a wurinsa, har Sarkin Pawa da gemunsa. Ran Lahadi ba ya awo, sai ya kafa wani katako mai ƙafa uku a inuwa yana ta shafe-shafe. Wata rana ya tsaya a bayana ina fitar da dagi a ɗanyen yaɓe, ya daɗe, sannan ya ce, "Ke magini, hannunki yana da hankali. Zo ki gani."

Ya nuna mini hoto a takarda mai kauri. Ya ce na ainihin yana rataye a wani babban gida a ƙasarsu, wannan bugawa ce. Wani dattijo ne zaune a kan kututture a gindin babbar bishiya, hularsa a gwiwa, sanda a hannu, kare kwance kusa da ƙafarsa. Bayansa gonar alkama ta nuna, can nesa kuma hadari yana haɗuwa. Sai da na ji kamar iskar hadarin za ta taɓa ni. Mai Lofe ya ba ni ƙyalle a ɗaure a katako, da burushi, da fenti, ya ce in yi irinsa.

Na dubi bishiyar, na ga gwanin nan bai zana ganye ko ɗaya ba. Ɗigo-ɗigo ne kawai na kore da rawaya, an jefa nan an jefa can. Na ce a raina, tsohon nan ragon ma'aikaci ne, bari in gyara masa. Na zauna na fitar da ganye ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jijiyarsa, na kewaye shi da baƙin layi yadda muke yi wa zanen bango. Da na gama na ja da baya, sai ga tawa bishiyar kamar tabarmar da aka jingina, tasa kuwa tana motsi. To ka ji. Kwaikwayo karatun allo ne. Yaro ba ya gyara wa malam rubutu don ya ga wani baƙi bai yi masa kyau ba. Bi hannun gwanin nan sawu da sawu, inda ya danna ka danna, inda ya ɗaga ka ɗaga, har ka gane abin da ya sa ya bar abin da ya bari. Ba Baturiyar aka aike ka koyo ba, hannun da ya tsayar da ita aka aike ka koyo. Ran da ka samu wannan, sai ka juyo ka zana mutanenka.

Sai maganar mai, wadda har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai. Fentin nan da wani mai ake sassauta shi, na wani iri da ba ma nomawa, a cikin 'yar kwalba. Mai Lofe ya tafi rangadi wajen Ikara da Malikanchi, man ya ƙare mini ina tsakiyar hadarin nan. Na ce, mai ai mai ne. Na shiga wurin Inna tana tuyar ƙuli-ƙuli, na ce ta ɗan tsiyayo mini man gyaɗa. Ta ce, "Yau kuma Bature ne zai ci ƙosai?" Na ce aiki zan yi. Wallahi hannu bai taɓa yi mini daɗi kamar ranar ba, fenti yana tafiya sumul, hadari ya fito yana ƙyalli. Na jingina shi a bayan rumbu ya bushe.

Bai bushe ba. Aka yi kasuwa ta ci ta sake ci, yana nan jiƙe sharkaf. Kiyashi suka yi hanya daga gindin bishiyar har wuyan dattijon. Kaza ta yi birgima kusa, gashinta ya manne a gonar alkama. Ƙarshenta akuyar maƙwabta ta zo ta lashe hadarin tas, ta bar mini fari fat kamar sararin bazara. Mahaifina ya tsaya ya duba, ya ce, "To, an ɗauke ruwa ke nan." Da Mai Lofe ya dawo ya shinshina ƙyallen, ya yi dariya har lofen ya faɗi. Ya ce man gyaɗa ba ya bushewa ko zai shekara.

Abin da na ɗauka daga nan shi nake ba ka. Kada kamannin abu ya ruɗe ka ka ce ɗaya ne da ɗan'uwansa. In kayan aiki ya ƙare, ka tsaya ka tambaya, matambayi ba ya ɓata, kuma tsayawar kwana kaɗan ta fi aikin da akuya za ta ci. Haka kuma kada ka ɗora sabon shafi a kan wanda bai sha iska ba. Na ƙasa ya zama siriri, na sama ya fi kauri, kowanne a ba shi lokacinsa. Wannan kai ɗan magini ne, ka sani: wanda ya shafa makuba a kan ɗanyen bango, da damina zai sake aiki. Haka abota take a birni, haka alkawari yake. Bari na ƙasa ya bushe tukuna.

Na sake sabon ƙyalle. A wannan karon inuwa ce ta kayar da ni. Duk inda na ga inuwa, a ƙarƙashin bishiya, a gefen hancin kare, a naɗin riga, sai in ɗebo baƙi in shafa, don tun ina yaro na san inuwa baƙa ce. Mai Lofe ya ja ni waje da la'asar zuwa gindin tsamiyar bariki, ya nuna ƙasa da lofensa, ya ce in faɗi launin da na gani. Na ce baƙi. Ya ce in sake dubawa. Na tsuguna kamar mai neman allura. Sai ga shuɗi-shuɗi a ciki, wanda sama ta zubo, ga ja-ja da ƙasarmu ta mayar, ga wasu 'yan kuɗaɗen rana da suka ɓullo ta tsakanin ganye suna rawa. Ina nan tsugune inuwar ta matsa ta bar ni a rana. Na girma a gindin tsamiya, a nan aka yi mini tatsuniya, a nan na ci tuwo, amma ban taɓa ganin inuwarta ba sai ranar. Abin da ka sani da ka shi ne babban makafin mai zane. Mutumin da ke tsaye a fili, sama tana taɓa shi, ciyawa tana taɓa shi. Ka duba ƙarƙashin haɓar Baturiyar nan taka, ina tsammanin za ka sami koren ciyawa a wurin.

Yanzu na zo kan wanda ya fi nauyi, wanda saboda shi ne na faɗi sauran.

Na gama bishiya, na gama alkama, na gama kare, har Mai Lofe ya ce karena ya fi na gwanin ƙiba. Na yi riga da maɓallanta, na yi hula a gwiwa. Fuska na bari ƙarshe. Kada ka yi dariya: dattijon nan yana da furfura, kuma ido cikin ido yake kallon mai kallonsa. Duk lokacin da na ɗago zan dube shi, sai in ji wuyana ya sunkuya da kansa. Takarda ce fa, mutumin ya daɗe da zama ƙasa, ba musulmi ba ne balle in ce malamina ne, amma jikina bai san wannan ba. An raine ni a kan cewa yaro ba ya ƙura wa babba ido. Sai in saci kallon gemu in shafa, in saci kallon kunne in shafa, sauran na cika da ka. Na kai wa Mai Lofe ina jin daɗi. Ya cire lofe daga baki, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan riga ce da hula. Ina mutumin?"

Na ce ga shi nan zaune. Ya rufe jikin hoton gwanin da tafin hannunsa ya bar fuskar kaɗai, sai na ga tsoho wanda ya gaji amma bai gama da duniya ba, kamar mai jiran a kawo masa wani labari. Ya rufe nawa haka nan, sai na ga ƙwarya da aka yi wa ido biyu.

Ya ce maganin abin shi ne in zana rayayyen mutum wanda na sani, a waje, cikin haske. Ya bar mini akwatin nan da zai koma ƙasarsu hutu, bai kuwa sake dawowa ba, wani aka turo. Na yi ta jan ƙafa, sannan na yi ƙarfin hali na roƙi mahaifina, ta bakin Inna. Sai bayan kwana biyu ya amince. Ka san maganar malamai a kan hoto, Liman ma na ji ya tare ka da ita kafin ka tafi. Ni ba malami ba ne, kuma kana birnin ilimi, ka tambayi masana, kada ka zaɓi wanda zai faɗa maka abin da kake so kaɗai. Abin da mahaifina ya ce dai shi ne, "In don a tuna ne, Allah ya san zuciya. Amma kada a rataye ni inda ake salla."

Da hantsi muka fita gindin ɗorawar gonarmu. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya zauna a kan buzu da carbi a hannu. Ya ce, "Yi sauri, rana ba ta jiran mai zane." Na yi ɗorawa yadda na koya, ɗigo-ɗigo. Na yi inuwa da shuɗinta da janta. Na yi aikin wuyan rigar zare-zare, na yi carbi, na yi har tsagar da ke diddigensa. Muka yi ta komawa, kullum da hantsi. Ran da na iso fuska, na ɗago ido na kai gemu, na kai leɓe, sai na ji ya juyo yana dubana. Wuyana ya karye. Na tsaya ina motsa fenti a kan katako kamar mai dama fura.

Ya ce, "Kai, ka gama ne?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "To ƙarasa da ka. Ai ka san ni."

Ni ma na zaci na san shi. Na koma ɗaki na zana, sai ga fuskar wani baƙo. Na kankare da wuƙa na sake, sai ga wani baƙon. Na ce bari a gama girbi in sake roƙonsa ya zauna. Aka gama girbi aikin gini ya taso, na ce bari a gama gini. Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki. Allah ya jiƙansa. Ƙyallen da ke naɗe a akwatin nan shi ne. In ka buɗe za ka ga riga, ka ga rawani, a tsakaninsu kuma wani fili mai launin ƙasa inda wuƙa ta ci. Daga ranar na rufe akwatin na koma bangona, inda dagi ba ya kallon kowa.

Ba ina ce maka kunya banza ce ba. Ita ta riƙe gidajenmu, kuma in na ji ka ƙura wa dattijo ido a hanya don ka shiga makarantar Turawa, sai na saɓa maka ko ina lalube. Amma kowace sana'a da ƙofar da aka buɗe mata. Wanzami yana kama kan hakimi ya juya shi yadda ya so, ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ungozoma tana ganin abin da ba a gani. Mai zane kuma an ba shi kallo. Ka nemi izini, ka yi wa fuska sallama kamar yadda ake yi wa gida, in an amsa ka shiga, ka duba sosai, da ladabi, ba da ƙwalisa ba. In ka gama ka sauke idonka ka koma yaro. Hoton nan da aka ba ka, kada ka fara da lema, kada ka ɓuya a cikin ciyawa. Je ka fuskar tun da fari, tun hannunka bai gaji ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, haka aka ce, ni kuwa na yi shekaru ina tambayar riga. Kuma abin da za ka iya yi bana kada ka ce sai an gama girbi.

Bara da muka rasa mahaifiyarka na sake gane girman abin. Muryarta tana kunnena. Na san ƙarar taɓaryarta a cikin na matan unguwa duka, na san yadda take ɗaura kallabi, na san lallen hannunta. Amma in na rufe ido na nemi fuskar, sai ta yi mini kamar wata a cikin ruwan da aka motsa. Tsofaffin gidan nan kuma suna cewa kai da mahaifina kamar an tsaga kara, sai dai idanun na mahaifiyarka ne. Ka ga ke nan fuska biyu da suka ɓace mini suna tare da kai, suna shiga zaurena suna fita shekara da shekaru, ni ina duban bango.

Ga roƙona, kuma ban saba roƙon ɗa ba. In an ba ku hutu lokacin saran rake, ka zo gida da kayan aikinka. Kada ka bari sai ka ƙware, idon nan ba zai jira ƙwarewarka ba. Ɗorawar tana nan. Zan sa rigar Juma'a in zauna a kan buzu da hantsi, lokacin da na dama ya fi gani. Ka kafa katakonka kusa, kusa sosai, don daga nesa inuwa kawai zan gani. Kai aikinka zai ba ka izinin dubana. Ni kuma an ce wanda ake zanawa ba ya motsi, inda aka ajiye idonsa nan yake barinsa, to ka ce in dube ka. Duk wanda ya wuce zai ce aiki ake yi, babu mai dariya. In hoton ya yi kyau, alhamdu lillahi. In bai yi ba, ni dai na sami abin da na fito nema. Ka zo da manka, na Inna ba ya bushewa.

Sauran kaɗan ne. Ka riƙe salla a kan lokacinta, fenti yana jira. Mai Lofe ya gargaɗe ni cewa farin fentin nan dafi ne, kada ka lashi burushi don ka fiƙe bakinsa, kuma ka wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ka sa shi a tuwo. Ka girmama malamanka, Bature da baƙar fata, amma in sun yabe ka kada ka ɗauka ka iso. In sun kushe aikinka, ka tambayi wurin da ya ɓaci, kada ka tambayi dalilin da ya sa ba sa son ka. Mazarƙwailar da Iliya ya kawo ka raba da abokan ɗakinka.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare idonka da hannunka da imaninka, ya kare ka daga ciwo da haɗarin mota da bakin mutane, ya kai ka inda kake nema, ya dawo mana da kai lafiya. Ƙannenka suna gaishe ka, tsofaffin gida suna sa albarka.

Saura alkawarin da na yi maka a kan zanen Likoro. Mutum na ƙarshe da ya kawo mini maganar mace ce, kuma ta daɗe da ita a ciki kafin ta faɗa. Tana kwance ba ta da lafiya, an fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, ina zaune gefe ina gyaran igiya. Ta ce, "Malam, zanen nan da kake musu, na gan shi." Na ce yaushe? Ta ce ran da ta je barka gidan Iliya, ta ce wa matan za ta zaga, ta bi ta bayan ɗakin mazarƙwaila. Ta ce, "Kai ne. Har yadda kake cije leɓe in kana yaɓe, har tabon da azara ta yi maka a gira." Na ce, to a ina ya ga wannan, yaron da ba ya ɗaga kai? Ta yi 'yar dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "In ka sunkuya kan aiki yake kallonka, tun yana rarrafe. Ni ma in ya sunkuya kan tuwo nake kallonsa. Kowa a gidan nan sata yake yi. Kai kaɗai ka ɗauki abin da gaske."

Daga kanta na daina musu. Ba ta ga kakar bara ba. Sunanta ban taɓa kiran sa a gabanka ba, yau ga shi na rubuta da hannuna: mahaifiyarka ce ta gaya mini, Hajara.

Ni ne mahaifinka.